Ranar da manhajata ta zagi Arɗo a Zurmi

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da watana na uku a wurin aiki ba, watan da za a ce mini zauna ko kama gabanka. Wani ɗan kamfani ne a Kaura Namoda, mu huɗu kacal, muna gina manhajar waya da ke tuna wa makiyaya lokacin rigakafin shanu. Shugabarmu Anti Hauwa'u, mace marar hayaniya, ta dasa wata manhaja a kan hanyar aikinmu: kafin a haɗa duk abin da ka rubuta, sai ta bi shi layi-layi, in ta tarar ka kira umarnin da aka haramta, ta tsayar da komai. Ni Sarkin Tsegumi nake ce mata.

Cikin haramtattun akwai umarnin da ke fito da ɗanyen saƙo a fuskar waya. Ni kuwa da shi nake farautar kuskure. In ina son sanin ko aiki ya kai wani wuri, sai in sa saƙo can in yi wa kaina magana (kar ku yi mini wannan kallon, kowane mai wannan sana'a yana yi, nawa dai ya fi rashin tarbiyya).

Ana gobe za mu nuna manhajar, Sarkin Tsegumi ya hana ni wucewa: ga layi kaza, haramun ne. Na cire biyu, ya ce da saura. Raina ya ɓaci. Ni da na fito da sakamako mai kyau daga makaranta, na'ura za ta koya mini aiki? Sai na rubuta ɗan layin da ke ce masa ya kau da kai daga wannan fayil, aiki ya wuce sumul, na tafi cin tuwo ina jin kaina gwani.

Washegari muka isa Zurmi. Makiyaya sun cika rumfa, ga Arɗonsu, dattijo mai farin gemu wanda ya iya karatun boko. Anti Hauwa'u ta miƙa masa wayar da hannu biyu ta ce, “Baba, kai za ka fara gwadawa.”

Ya sa sunansa, ya danna. Ya kai wayar kusa da ido, sannan ya karanta a bayyane, a hankali, kowa na ji:

“Sai yanzu ka iso nan, jaki.”

Wani daga baya ya fara tari, irin tarin da dariya ce ta sa riga. Arɗo ya ɗago ya ce, “Ɗiyata, wanga abu ya san ni ne, ko kowa haka yake tarba?”

Anti ta juyo ta dube ni. Na durƙusa, gumi har cikin takalmi, na ce, “Baba, ka gafarce ni, da kaina nake. Ni ne jakin.”

Arɗo ya dube ni sama da ƙasa. “To, ɗana, tunda ka san kanka, ba mu ja da kai.”

Nan rumfa ta fashe. Har mai sayar da fura ta ajiye ludayi.

Muka kamo hanyar Kaura a mota. Da muka sauka Anti ta ce, “Manhajar binciken ta gaya maka?”

“Ta gaya mini.”

“Sau nawa?”

“Biyu.”

Ba ta kore ni ba, amma ta ƙara mini wata uku na gwaji, ta kuma ƙwace ikon kashe binciken daga hannun kowa. Abokan aikina har yau ba su yafe mini wannan ba.

Abin da na koya: in na'ura ta tsawata maka a ɗaki, ka ji, don ita ba ta da mutanen da za ta tara. Yanzu kuma in zan zagi kaina, a zuci nake yi.