Rasuwar Tulun Juwairiyya a Hanyar Kekun Waje

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da muke ta fama da ita ta tsaya yadda ya kamata, iyalan Malam Mansur na Bungudu ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gusau da Tsafe da kewaye rasuwar Malam Tulu, abokin aikin ɗiyarsu Juwairiyya. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi a hanyar Kekun Waje, bayan ya faɗo daga kan babur. Ba a rubuta shekarunsa ba, amma Inna Rabi, kakar Juwairiyya, ta ce ya girmi uban yarinyar, kuma a gidan nan ba a musu da Inna.

An gina marigayi a Nahuce da jar ƙasa. Ya yi aikin ɗebo ruwa shekaru masu yawa bai taɓa neman hutu ba, har wata damina da gindinsa ya soma tsattsafo. Aka sallame shi, aka kife shi a bayan rumbu, kowa ya ɗauka aikinsa a duniya ya ƙare.

Bara ne Juwairiyya ta fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, irin wadda ke aiki ko babu intanet. Malam Mahadi, malamin dabbobin da ke yi wa shanun Kekun Waje allurar rigakafi, ya ara mata tsohuwar kwamfutarsa da sharaɗi. Za ta yi masa manhajar da za ta riƙe sunan kowane makiyayi da garkensa, ta fitar da jerin waɗanda za a yi wa allura, kafin ranar allurar bana. In ta yi, kwamfuta ta zauna a hannunta, ita ce mai rajista. In ba ta yi ba, ya karɓi kayansa ya koma wa littafinsa mai baƙin bango. Malam Mahadi ba ya faɗin magana sau biyu.

Watanni ukun farko, jan rubutun kuskure kawai allon ke nuna mata. Takan kira yayanta Bashar a Gusau sau goma sha ɗaya a yini. Da ya gaji, sai ya gaya mata abin da ya gani inda ya yi karatu a ƙasar waje. Masu wannan sana'a a can sukan ajiye agwagwar roba a kan tebur. In aiki ya cije, sai su yi mata bayaninsa layi bayan layi da babbar murya, kuma kafin su kai ƙarshe kunnensu ya kama kuskuren da idonsu ya tsallake. Juwairiyya ta zagaye kasuwar Gusau ba ta sami ta roba ba. Wani mai kaji ya so ya sayar mata da mai rai. Ta dawo gida ta ba Inna labari.

"Mi agwagwar ke yi in anka yi mata bayanin?" in ji Inna.

"Ba ta yin komai, Inna. Saurare kawai."

"To ai wanga aiki ko tulu ya iya shi. Tashi ki ɗauko shi bayan rumbu."

Haka marigayi ya shiga aikinsa na biyu. Aka wanke shi, aka yi masa gammo a kan tebur dama da kwamfuta. Matsalar farko da aka kai gabansa ita ce maɓallin "Ajiye", wanda Juwairiyya ta kwana biyar tana dannawa ba ya ajiye komai. Ta gyara zama, tana jin kunyar kanta, ta ce, "Malam Tulu, ga maɓallin nan. In an danna shi, zai kira..." Sai ta gano abin. Ba zai kira kowa ba. Ta zana maɓalli, ta yi masa launi, ta manta ta haɗa shi da aikinsa. Muryarta ta shiga cikin marigayi ta dawo, ya ce, "Mmm." Wannan ce kalmarsa ta farko, kuma bai ƙara wata a kanta ba sai ranar da ya bar duniya.

Ayyukansa na alheri suna da yawa. A gabansa aka gano dalilin da ya sa tagar manhajar ke sandarewa ta ƙi rufuwa, wato an umarci kwamfuta ta yi ta karanto sunaye, ba a gaya mata inda za ta tsaya ba. A gabansa aka gano inda sunan farko na kowane jeri ke ɓacewa, domin ita kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, Juwairiyya kuwa daga ɗaya kamar kowane mai hankali. Shi ya ji ƙarar manhajar da ke aiki lafiya a Bungudu amma ta ƙi buɗewa a ofishin Malam Mahadi a Gusau, ashe an rubuta mata ta nemi rajista a wata folda mai suna "kayan Juwairiyya", ga shi kuwa a kwamfutar ofishin babu wannan folda. Ranar da ta gyara kuskure ɗaya sau tara bai gyaru ba, marigayi ya saurara da haƙuri har ta ji da bakinta cewa tana gyara fayil mai suna "na ƙarshe na gaskiya" tana kuma buɗe mai suna "na ƙarshe".

Bai taɓa cewa "ai na gaya miki" ba. Bai taɓa kashe wayarsa ba. A waɗannan biyun ya fi Bashar, kuma Bashar ya amsa.

Shahara ta zo masa ba da nemansa ba. Maƙwabta sun ji budurwa tana yi wa tulu magana a ɗaki, tana ihu tana gode masa, suka yanke hukuncin da suka yanke. Wata maƙwabciya ta shigo da goro a gefen zane, ta roƙi a tambayar mata shi inda tunkiyarta ta shiga. Sai da Malam Mansur ya kai liman har ɗakin ya leƙa cikin marigayi da tocila, ya shaida babu kowa a ciki sai gizo-gizo ɗaya, sannan unguwa ta lafa. Sa'adiya, ƙawar Juwairiyya da suke koyon sana'ar tare, ta taso takanas daga Tsafe da kwamfutarta a jaka. Layi bakwai ta karanta masa, ta dafe kai, ta ce, "Wayyo ni, na gani!" ta koma tasha ko tuwo ba ta tsaya ci ba. Ta gwada buta a gida, ta ce buta ba ta da natsuwa.

Rashin lafiyarsa ya soma cikin watan azumi, ranar da rajista ta fara zama bayan an kashe kwamfuta an kunna. Juwairiyya ta kai masa duka don murna, wuyansa ya tsage. An liƙe shi da siminti. Ya ci gaba da aiki, sai dai muryarsa ta dushe.

Iyali ba za su ɓoye aibinsa ba, guda ɗaya ne. Duk abin da Juwairiyya ta yarda da shi, shi ma ya yarda. Ana saura kwana uku allura, ta shigar da sunayen bara daga littafin Malam Mahadi, mutum sittin da uku. Jeri ya fito da sittin. Babu jan rubutu, babu ƙorafi, mutum uku dai sun ɓace da shanunsu, kuma wanda sunansa bai fito ba babu allurarsa a cikin akwatin sanyi. Ta karanta wa marigayi layi ɗari huɗu ranar Litinin. Ta sake ranar Talata, ta sake ranar Laraba da muryar da ta shaƙe. Ya ce, "Mmm."

Ranar Alhamis ta rantse sai ta tafi da shi, ko a gindin bishiya ta yi masa karatu na huɗu. Inna ta hana, ba ta hanu ba. Ta hau bayan babur ɗin ɗan acaɓa, jakar kwamfuta a kafaɗa, marigayi a cinya. Dab da Kekun Waje tayar gaba ta faɗa rami, igiyar jaka ta tsinke, kwamfuta ta nufi ƙasa ta hagu, marigayi ya nufi ƙasa ta dama. Hannun Juwairiyya ɗaya ne ba ya riƙe da babur. Ta cafke kwamfuta. Ɗan acaɓa ya shaida cewa abin da marigayi ya ce na ƙarshe shi ne "Kwas." Ta tattara shi a cikin mayafinta, suka ƙarasa.

Ta tarar da makiyaya sun cika gindin tsamiya, shanu har inda ido ya tsaya. Malam Mahadi na tsaye da akwatin sanyi a gabansa, littafi mai baƙin bango a hammatarsa.

"Ta yi aiki?" ya ce.

"Saura kaɗan, Malam."

"Ƙanƙara ba ta jira. Kafin in gama jera allurai."

Ta zauna a kan saiwa, ta buɗe kwamfuta, ta dubi damanta, babu kowa. Ardo Tambaya, shugaban makiyayan, yana kan tabarma kusa da ita. Ya tambayi abin da ya sa ɗiyar mutane ke kuka da tsingaro a mayafi. Ta gaya masa komai.

"To ki yi man bayanin ni," in ji Ardo. "Ni ma ban san komi ba, kamar shi."

Ta share ido ta fara. Ardo ya yi shiru kamar marigayi har layi na tamanin da wani abu. Ta karanta, "In sunan da aka shigar yana cikin rajista, to mutumin nan ne ya dawo, sai a goge tsohon bayaninsa a sa sabo."

"Tsaya, ɗiyata. Wa ya ce maki?"

"Wa ya ce me, Baba?"

"In suna ɗaya, mutum ɗaya." Ya juya ya ɗaga murya. "Aminu Garba!"

"Na'am!" Daga gabas. "Na'am!" Daga bakin rijiya. Na uku ya amsa daga cikin shanu, na huɗu ya amsa da fura a baki. Dogo, gajere, mai gemu, da wanda aka fi sani da na Mada. Juwairiyya ta ɗora hannu biyu a ka. Kowane Aminu Garba da ta shigar ya goge wanda ya riga shi, har aka bar na ƙarshe shi kaɗai. A gidansu ta gwada manhajar, da sunayen mutanen gida, inda ba a taɓa maimaita suna ba.

"To wanne anka bari cikinmu?" in ji dogon.

Ta duba. "Na Mada."

"Ni anka goge, anka bar wanga da shanunsa ba su cika igiya ɗaya ba?"

"Na'ura ta san mutumin kirki," in ji na Mada, yana lasar ludayi.

Ana cikin wannan dariya ta gyara. Ta sa manhaja ta ba kowane makiyayi lambarsa, ta riƙa gane mutum da lamba ba da suna ba, sannan ta mayar da ukun da aka goge, suna tsaye a kanta kowa na cewa a fara da shi. Caji ya yi ja lokacin da jeri ya fito. Malam Mahadi ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, sittin da uku. Ya cusa littafinsa a jaka.

"Kwamfuta ta zauna," ya ce. "Kira na ɗaya."

Juwairiyya ta rangaɗa guɗa har maruƙa suka firgita. Ta tuna abin da ke cikin mayafinta, ta fashe da kuka. Aminu Garba mai gemu ya zo yi mata ta'aziyya, ta dube shi, dariya ta sake ƙwace mata. A haka take har yau, kuma iyali na roƙon masu zuwa su yi mata uzuri.

Marigayi ya bar yayarsa randa, da murfinsa wanda bai bi shi tafiyar ba, da gammo. Ya bar kwamfuta ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da manhaja mai aiki, da butar Tsafe wadda ba ta gaje shi ba. Ya bar Inna Rabi, wadda ta ce shekara hamsin yana hannunta bai fashe ba, ta kuma ƙara da cewa da an tambaye ta, ita kaɗai ta san Aminu Garba biyar. Iyali ba su zargi Juwairiyya kan abin da hannunta ya zaɓa ba. Inna ce kawai ba ta gama magana ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan Azahar a gidan Malam Mansur da ke Bungudu. Ba za a yi salla ba, liman ya ce kada ma a tambaye shi. An ƙirga marigayi ya kama gutsure ashirin da uku. Babban za a ba kaji su riƙa shan ruwa. Sauran ɗan acaɓa zai kai su ya zuba a ramin da ya yi sanadi, ya ce kyauta.

An rage zaman makoki daga kwana uku zuwa La'asar ɗin ranar, domin Malam Mahadi ya aiko a ƙara tumaki da awaki a manhajar kafin Litinin. Don haka duk mai zuwa ta'aziyya ya taho da kujerarsa, za a karanta masa layi hamsin kafin a ba shi kunu, kuma in ya ji abin da bai yi masa daidai ba ya katse ta nan take. Ardo Tambaya ya yi alkawarin zuwa da jama'arsa. Masu suna Aminu Garba su taho da lambarsu.

Sanarwa daga Bashar Mansur, Gusau, a madadin iyali.