Harajin Ɗakin da Ba Mai Kwana

Jiya a ofishin haraji na yini, ba don kaina ba. Ɗan yayata ne ya aike ni, wanda muke kira Injiniya. Tun da ya ƙaura waje da iyalinsa, a kan teburin cin abinci yake aiki da kwamfuta, yana yi wa wani kamfani da ke ƙasa ta uku, wadda bai taɓa takawa ba. Kamfanin ya ce shi albashi ya sani, haraji kowa ya ji da nasa. Ƙasar da yake zaune tana yankar rabonta duk wata, bai kuma yi ƙorafi ba, tunda titinsu yake bi, asibitinsu yake kai 'yarsa. Sai ga tamu ta aika masa cewa ita ma tana jiran nata. Idan ya biya duka biyun, abin da zai rage ba zai riƙe masa gidan da yake haya ba.

Na samu jami'in da ke buga hatimi, Mai Girma Sarkin Hatimi, a ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, yana ɓare gyaɗa a kan fayil ɗin wani bawan Allah. Na yi bayani. Bai ɗago ba.

"Yana da ɗaki a gidan uwarsa?"

"Ranka ya daɗe, ɗakin da ya taso a ciki ne."

"Da gado?"

"Da gado."

"A shimfiɗe?"

"Uwarsa ce ke gyarawa."

"To bai tafi ba. Mai shimfiɗa a ƙasa mazaunin ƙasa ne."

Na ce 'yarsa har ta shiga makaranta a can. Ya ce ba 'yarsa ake tambaya ba, shimfiɗarsa ake tambaya. Mafita ɗaya ce, in ji shi: a fitar da gadon, a mai da ɗakin wani abu dabam, jami'i ya zo ya gani da idonsa. Man motar jami'in a kanmu.

Dole a yaba wa hukuma. Lokacin da Injiniya ya gama karatu yana yawo ofis-ofis har takalminsa ya buɗe baki, babu wanda ya san da shi a ƙasar nan. Sai da ya tafi aka gane shi, ta zanen gado. Mutanen da suka kasa ganin ramin da ke ƙofar ofishinsu sun hango matashin kai a ƙuryar gidan tsohuwa.

Daga nan na wuce gidan Yaya, na kira Injiniya ta bidiyo, na jingina wayar da kwano don ta gan shi.

"Mama, ba wai na bar gida ba ne. A takarda ne kawai."

"A takarda za a fitar da gadon?"

"A'a, shi gadon da gaske za a fitar."

Ta ci gaba da ninke wanki. Na sa baki na ce, "Yaya, a zuba buhuna a ciki mana. Idan sun duba sun tafi, sai a mayar da komai."

"Kai ma da furfurarka? Kullum da safe nake buɗe tagar ɗakin nan in share, kamar zai shigo da yamma. Buhu zan riƙa buɗe wa taga?" Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Ka gaya wa mai hatimin ya zo ya ɗauka da kansa. Ina nan zaune."

Sai Injiniya ya ce, "Kawu, a bar mata. Akwai ƙaramin gida a bayanmu, ɗaki ɗaya da falo. Za mu koma can. Ka koma gobe ka ce zan biya."

Ke nan zai sadaukar da ɗakin da 'yarsa ke kwana a ciki don ya riƙe wanda ba mai kwana.

Yau da hantsi na koma da saƙon. Na tarar da Sarkin Hatimi ya haɗa kujeru biyu, ya yi matashi da fayil, yana minshari. Na tsaya ina jiransa ya farka. Ga mai shimfiɗa a ƙasa da hujja ƙarara, ban kuma ji an aika masa da ko takarda ɗaya ba.