Rasuwar Shuɗi, Tsumman Goge-gogen Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake laluben ƙusar bayan ƙofa ya dawo wayam, ni Iyatu, matar Zakariya'u mai bensikin, wato ɗan acaɓa, ta unguwar Hausawa a New Bell cikin Duwala, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar tsummana na goge-goge, wanda aka fi sani da Shuɗi. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararsa uku da wata biyar a hannuna.

Marigayin ba tsumman banza ba ne. Irin wanda masu shago ke kira mikrofibur ne, mai laushi, mai ƙananan gashi da ke kama fatar hannu idan ta bushe. Ƙanwata Bilki, mai sayar da kayan gida a kasuwar Mboppi, ita ta kawo mini shi tare da 'yan'uwansa biyu cikin leda ɗaya. Ta zaunar da ni ta jero mini dokokinsa kamar mai ba da amanar jariri: kada ya shiga tafasasshen ruwa, kada ya ɗanɗana jabel, ruwan nan mai sa kaya su yi fari, kada a zuba masa ruwan ƙamshin nan na laushin kaya, kada a wanke shi tare da tawul, kada dutsen guga ya kusance shi. Na riƙe amana. Kowace Asabar nakan wanke shi shi kaɗai a roba, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, in ɗauraye sau uku, in shanya a inuwa.

Shi ma ya rama mini. Kafin zuwansa, da tsohuwar singiletin maigida nake goge gidan nan, ita kuwa ba ta ɗauke ƙura, sai dai ta tashe ta daga kan telebijin ta sauke ta a kan firji. Surukata Inna Hadija, wadda muke zaune tare, tana da ciwon fuka, duk ranar goge-goge wuni take tana tari. Da Shuɗi ya zo, abin ya sauya. In na ɗan jiƙa shi na matse, na ninke shi huɗu, fuska takwas yake ba ni, kowace ta riƙe ƙurarta har sai mun isa bakin famfo. Tarin Inna ya ragu. Danshin Duwala da ke sa madubi ya yi hazo bai taɓa fin ƙarfinsa ba. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan Inna ba ta yaba aikina ba, sai ranar da ta dubi taga ta tambaye ni wa ya cire gilasan. Na karɓi wannan a matsayin yabo, kuma na san ba ni kaɗai na same shi ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Iyakarta in gilashi ya fita tas ya ce "ƙyuu, ƙyuu," a hankali, sau biyu. In na ji haka na san aiki ya ƙare.

Ciwon ajalinsa ya fara ranar Juma'a. Na tsallaka gada zuwa Bonaberi, wani gidan bikin suna da ke kusa da kasuwar Grand Hangar, na bar shi a kan igiya lafiyarsa ƙalau. Aka yi ruwan nan mai ƙarfi. Maigida ya dawo babur ɗinsa ya yi kaca-kaca da taɓo, ya ɗaga ido ya ga wani abu shuɗi yana lilo, ya miƙa hannu. Ya goge tanki, abin ya ba shi sha'awa. Ya goge madubi. Ya gangara kan sarƙa, marigayin ya sha baƙin mai har ya ƙoshi. Daga nan ya kai shi kan salansa, tana da zafi, gefe ɗaya ya narke ya ƙanƙance. A lokacin ne ya duba da kyau ya gane wanda ke hannunsa.

Ina shaida wa jama'a cewa da ya tsaya a nan, da marigayin ya rayu da ɗan tabonsa. Amma Zakariya'u mutum ne mai son gyara. Ya ɗora tukunya, ya dafa shi. Man bai fita ba, ya zuba jabel. Warin jabel ya tashi, ya ari ruwan ƙamshi a maƙwabta ya tuttula. Don kada ya wanku shi kaɗai, ya haɗa shi da tawul ɗin wanka. Da ya ga ya tattare, ya kunna dutsen guga. Dokoki biyar Bilki ta ba ni, ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin awa biyu, kamar wanda aka ba takarda. Inna tana zaune a kujerarta tana kallo. Daga baya ta amsa da bakinta cewa ita ta ba da shawarar gugar.

Na dawo da yamma na tarar da shi a ninke a kan matashi, yana ƙamshi, ya yi fari-fari, ya sandare. Maigida yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya ce, "Maman Kausar, wallahi so na yi ki same shi ya fi yadda kika bar shi." Na zuba ruwa kaɗan a kan tebur na ɗora marigayin. Maimakon ya shanye kamar yadda ya saba, sai ya riƙa tura ruwan gaba, har ya zubo mini a ƙafa.

An yi iya ƙoƙari. Bilki ta ce a jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan ruwan tsamin nan na binega, ko ƙamshin da ya toshe masa gashi zai sake shi. Kwana uku muna yi. Ranar Talata na gwada shi a madubi, ya bar layi-layi da ɓurɓushin tawul, bai ce uffan ba. Bilki ta shafa shi a bayan hannunta, bai kama fata ba. Ta girgiza kai.

Ya bar ƙannensa biyu: Rawaya, mai aiki a kicin, da Kore, mai aiki a banɗaki, wanda ba a taɓa barinsa ya shigo falo ba kuma ba za a fara yanzu ba. Ya bar bokiti, da kwalbar fesa ruwa, da gilasan taga arba'in da biyu da tuni suka fara dusashewa. Ya bar Inna, wadda tarinta ya dawo ranar Litinin, kuma tun ranar ba ta sake ba kowa shawara ba. Ya bar ni. Kwana biyu ban yi wa maigida magana ba, sai da na ga ya ajiye aiki ya tafi Mboppi cikin ruwa, ya sa Bilki ta faɗa masa dokokin yana rubutawa a bayan katin waya. Ya dawo da sabo, shuɗi shi ma. Na yafe masa. Sabon yana cikin ledarsa, ba zan buɗe ba sai an yi sadakar uku.

Game da jana'iza: ba za a ƙone shi ba, don jikinsa roba ne, hayaƙin zai tayar wa Inna da ciwo. Ba za a jefa shi a kwata ba, kwatocin New Bell sun riga sun ƙoshi. An miƙa gawar ga Zakariya'u, zai ajiye ta a ƙarƙashin kujerar babur, su riƙa yawon gari tare.

Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar a gidanmu. A cire takalmi a waje, kada kuma a taɓa gilashi da hannu. Maigida ne zai zuba shayi. Duk wanda ya tambayi yadda abin ya faru, shi zai ba da labarin da bakinsa, tun daga farko, kuma mun yi da shi ba zai tsallake wurin gugar ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Iyatu Salahuddeen, a madadin iyali