Rasuwar Zalɓe, Jirgin Yaƙin Tafkin Thamesmead

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdulƙadir nake sanar da rasuwar Zalɓe, ɗan jirgin yaƙinmu mai tashi da rimot, wanda ya nutse ranar Asabar da hantsi.

An haifi marigayin a kicin ɗin flat ɗina. Ni na zana shi, aminina Jalo ya yanka katakon. Mun yi masa fukafukai masu naɗewa irin na jiragen da ke tashi daga kan jirgin ruwa, don ya shiga bas ba tare da ya tsokane idon kowa ba. A cikinsa yana ɗauke da bom mai tafiya ƙarƙashin ruwa, wato gwangwanin turaren Jalo. Filin tashinsa tsohuwar ƙofar banɗaki ce da muke ɗorawa kan ruwa.

A tarihin da muka ƙirƙira masa, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya nutsar da jiragen ruwa ba adadi. A zahiri agwagi ne kawai suka san zafinsa. Mai haƙuri ne, ba ya zuƙe batir. In ya tashi sai ka ji firrr, in zai sauka ya yi tari, kaf-kaf-kaf.

Aibinsa ɗaya: ba ya tashi sai da mutum biyu, ɗaya ya riƙe ƙofa, ɗaya rimot.

Ciwon ajalinsa ya fara ran da wani Haggai ya zo tafkin da drone, ɗan jirgin nan mara matuƙi da ake saya a kanti. Abu kamar gizo-gizo, ba tarihi, ba asali, sai kukan sauro! Amma Jalo, dattijo da furfurarsa, ya bi shi baki buɗe. Daga nan kullum muka sa ranar tafki sai ya yi cancel, ya ce ba zai zo ba. Kishi nake, eh, ban ɓoye ba. Shekara nawa muna shaƙar gam tare?

Ranar Asabar na ce zan iya ni kaɗai. Na danne ƙofa da ƙafa, ƙofa ta juya, Zalɓe ya yi firrr, sai tsulum. Jalo yana tsallaken tafkin yana wa drone dariya. Wallahi ko waiwayowa bai yi ba.

Marigayin ya bar rimot ɗaya, ƙofa ɗaya, matuƙan roba uku da na tsamo da rariya, da ni.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa bayan azahar, a bayan flat ɗina, in council, hukumar unguwarmu, ba ta gani ba. Akwai shayi. Ba a gayyaci drone ba, haka ma mai shi. Gawar ba ta da nauyi, zan iya ɗauka ni kaɗai. Amma fiffiken hagu Jalo ne ya saba riƙewa, kuma ban ba kowa ba. Zan jira har la'asar.