Jirgin Yaƙi Ya Ci Kifina

Jama'a, jiya da hantsi jirgin yaƙin ƙasarmu ya yi nasararsa ta farko, kuma a kaina ya yi ta.

Kun san ni, tun da na bar makaranta a aji biyu na yi acaɓa, na yi tallan kwakwa, na yi wanzanci na kwana tara. Da na kama busar da dagaa, ƙananan kifin nan, Mama ta ce, "Makame, wannan ce ta ƙarshe. In ta watse, gonar rogon kawunka za ka koma."

To, sai Masu Girma suka sayo mana wani jirgin ruwa, bayansa a shimfiɗe kamar filin ƙwallo, wai jiragen sama masu saukar ungulu yake goyo. An ce goma sha shida yake ɗauka. Mu dai ɗaya muka gani, shi ma Mzee Faki, dattijo mai gyaran komar kamun kifi, ya rantse aro ne.

A garinmu kowace asuba muna share filin shanya, mu tsince tsakuwa, don kada yashi ya shiga kifi. Duk gaɓar nan babu wuri mai tsabta kamarsa. Matuƙin mai saukar ungulun, da ya ɗauko wani Ranka-ya-daɗe, ya leƙo daga sama ya ga an yi shara, ya ɗauka tarbar Ranka-ya-daɗe ce.

Na ɗaga hannu biyu ina kora. Ya ɗago mini nasa, yana amsa gaisuwa.

Da ya fara sauka, iskar fankarsa ta bugi shanya, wallahi kifin da ya mutu kwana uku ya tashi sama! Bi Mwatime, maƙwabciyata a shanya, ta dafe zane tana ihu, "Makame, ɗan banza, kama su mana!"

"Inna, wanne zan kama? Naki ko nawa?"

Ranka-ya-daɗe ya sauko, ya kakkaɓe kifi daga hularsa, ya yi jawabi cewa daga yau babu baƙon da zai sake taɓa arzikin masunta. Gaskiya ya faɗa, Allah ya ƙara girma. Baƙon ko ya zo, me zai tarar?

Na matsa na ce wa wani mai anini a kafaɗa, "Yallaɓai, kifina fa?"

Ya ce in rubuto koke, in haɗa da shaida. Shaidar kuwa hankakin gari sun cinye ta kafin azahar.

Da na isa gida Mama ba ta yi faɗa ba. Fartanya kawai ta jingine mini a bakin ƙofa.

Gobe zan hau motar ƙauye. Na riga na tambayi Kawu, ya ce gonar tana nesa da teku, kuma ba ya share ta.