Hanya Mafi Kusa Zuwa Tsallake

A wani gari da ake kira Sai-Mun-Dawo, ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne. Awa nawa ya taɓa yi a jirgin sama ake tambaya. Mai awa shida shi ke zama a kujerar gaba, ko a wurin gaisuwar mutuwa.

Malama Uwale ba ta da ko minti ɗaya, sai dai baki. Shekara talatin da biyar tana koyar da labarin ƙasa, kuma duk manyan garin sun sha bulalarta kafin su haddace cewa daga nan zuwa Birnin Ƙanƙara, can wata ƙasa, kilomita dubu biyar ne da ɗari biyu. Yanzu can suke zuwa a duba musu haƙori, ita kuwa tana zaune tana yi musu dariya.

Sai aka bugo mata waya daga Tsallake, ƙauyen da ke ƙetaren kogi: yayarta Lantana tana kwance, sunanta kawai take kira. Gada ta karye damina uku da suka wuce. Kwalekwale kuma majalisa ta hana, wai yana kunyata gari idan baƙi suka hango shi daga jirgi.

Ta tafi Ofishin Kusa da Nesa, inda tsohon ɗalibinta Tanimu ke riƙe da sarautar Sarkin Awo. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Tanimu, gadar nan fa?"

"Malama, majalisa ba ta aiki a wurin da ba a san nisansa ba. Kilomita nawa ne zuwa Tsallake?"

Malama Uwale ba ta san nisan ba. A can aka yanke cibiyarta.

"Ni ma ban sani ba," in ji shi cikin ladabi. "Ba ki koya mana ba. Ba ya fitowa a jarrabawa."

Amma yaro ne mai tarbiyya, sai ya samo mata hanya. Za ta hau jirgi zuwa babban birnin ƙasar maƙwabta, kilomita ɗari tara, daga can ta shiga mota kwana biyu, ta ɓullo wa Tsallake ta baya. Biza kuwa mako uku kacal ake jira ta fito.

Ta zage shi tas, sannan ta cika takardun. Kafin bizar ta fito maƙwabta sun fara ba ta kujera a layi na biyu. Ta ce shirme ne, amma ta zauna, har da sabon mayafi.

Minti huɗu da tashin jirgi ta leƙa taga. Ga kogin, ga guntun gadar, ga rufin kwanon Tsallake. Wasu maza sun jeru sun nufi maƙabarta a bayan gari, na gaba ɗauke da wani abu dogo a kafaɗa. Ta manna goshi a gilashi tana neman gane daga wane gida suka fito.

Ma'aikaciyar jirgin ta taɓa ta a hankali.

"Mama, ki gyara zama. Yanzu muka fara tafiya."