Guɗar da Na Rangaɗa a Lyon

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rangaɗa guɗa a birnin Lyon ba, ko da yake yanzu mantuwa ta yi mini yawa har nakan nemi carbi alhali yana hannuna. Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, ban san baƙi ba. Ɗiyata Hadiza ce ke rubutawa, ni ina faɗa. (Hadiza, bar wannan murmushin, ki rubuta yadda na ce.)

Maigidana Alhaji, Allah ya jiƙansa, mutumin Damagaram ne, ya tsufa yana sayar da shadda da atamfa a kasuwar Château Rouge. Gidanmu kuma yana unguwar Saint-Denis. Jikanmu Lawali, ɗan Hadizar nan, yana karatu a jami'a, yana kuma tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai. Ni angona nake ce masa, shi ya ce mini amarya. Alhaji kuwa ɓarawon mata yake kiransa.

Filin da suke wasa ɗan ƙarami ne, an kewaye shi da waya, da ƙafa muke zuwa. Alhaji ya kafa kujerarsa a bakin waya, ni in ajiye kular zoɓo da fanke. In an tafi hutu Lawali ya sheƙo ya sha, har gumin goshinsa nake share masa. Abin da na sani a ƙwallo bai wuce biyu ba: namu su ne masu shuɗiyar riga, kuma inda jama'a suka fi yawa nan ne wajenmu. In baƙi suka zo da shuɗi su ke canjawa, don mai gida ba ya tuɓe rigarsa saboda baƙo. Da wannan ɗan ilimin na yi shekaru ina zagin alƙalan wasa, ban taɓa jin kunya ba.

A shekarar ƙarshe ta karatun Lawali ciwon ƙirji ya kwantar da Alhaji. Duk da haka mukan tura shi a keken marasa lafiya zuwa filin, da bargo a gwiwa. A shekarar ce kuma yaran suka kai wasan ƙarshe na cin kofi, za su kara da wata jami'a ta can kudu, wajen Marseille. Alhaji har ya sa an goge masa babbar riga. Sai Lawali ya shigo ya ce ai ba a gida za a yi ba, a Lyon ne.

"Lyon? 'Yan Lyon ne za ku buga da su?" in ji Alhaji.

"A'a, Tsoho. Fili ne da ba namu ba, ba nasu ba. Tsakiya ke nan. Kowa ya yi tafiya, kowa ya gaji daidai."

"To da mu da su duk mun zama marayu."

"Adalci ne. Ka manta bara da muka je garinsu? Har kwalba suka jefe mu da ita, alƙali ya tsorata ya ba su abin da ba nasu ba. Mu ma in sun zo nan, amarya kaɗai ta isa ta ruɗa alƙali. Can kuwa babu mai tsoron kowa, ga ciyawa kamar darduma."

Alhaji ya yi tari ya ce, "Adalci ne ga masu ƙafa, ɓarawon mata. Mu da ƙafa ta ƙare fa?"

Likita ya riga ya hana Alhaji doguwar tafiya, Hadiza kuma dole ta zauna da shi. Sai Alhaji ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke za ki zama idona." (Ni da yana ta fara rufe wa ido ɗaya. Makaho ya aiki mai hakiya kallon wata.) Ya ba ni hiraminsa, wanda ya sawo a Makka, ya ce in sun ci in rataya wa yaron a wuya. Hadiza ta gyara mini salula yadda in na danna wuri ɗaya za ta kira gida.

Muka kama hanya a kar, wato babbar motar ɗalibai. Rabin kujerun babu kowa, don lokacin jarrabawa ne, ga nisa. Filin da a gida ake cika shi har da masu leƙe ta tagogin benaye, ga shi masu rakiya ba su cika mota ɗaya ba. Da muka isa, masu gadin ƙofa suka hana ni shiga da kular zoɓona. A Saint-Denis mai gadi shi ke fara sha.

Azahar ta yi, na ce ba zan zauna kallon ƙwallo da salla a kaina ba. Kafin in sami ruwa, in sami lungu, in idar, yaran da muka zo tare sun shige, an ma fara wasa. Na bi wata ƙofa na hau matakala ina haki. Filin ƙato, kujeru fayau, 'yan wasa can ƙasa kamar 'yan tsaki. Na duba inda jama'a suka fi yawa, babu. Tsiraru can, tsiraru nan, kuma kowane ɓangare da shuɗin ƙyalle a wuya. Na ce to duk namu ne aka raba. Na zauna wajen waɗanda suka fi kusa, yara baƙaƙe da Larabawa da Turawa, kamar dai na unguwarmu. Suka matsa mini, wata yarinya har ta shimfiɗa mini rigar sanyinta.

Abin da ban sani ba, su ma mutanen kudu shuɗi ne launinsu. Da yake a Lyon babu mai gida babu baƙo, sai aka jefa ƙuri'a a kan wanda zai canja riga, ta faɗa kan namu. Ina can ina sujada aka sa wa jikana farar riga.

Na ware ido na zaɓi wani dogo baƙi cikin masu shuɗi na ce ga angona. Na ga ma ya bar baya ya koma gaba, na ce lalle yaro ya sami ƙarin girma. Ba a jima ba masu shuɗi suka jefa ƙwallo a raga. Na miƙe, na kama hanci, na saki guɗa irin ta Damagaram, wadda rabona da ita tun bikin Hadiza. Da yake filin wayam yake, sai ta bugi wancan bango ta dawo. Yaran da ke gefena suka haukace da murna, suna ta ɗaukata hoto. Na danna salula.

"Alhaji, mun ci ɗaya!"

"Alhamdu lillahi! Yaron fa?"

"Yana ta gudu kamar barewa. Gaba ma suka sa shi."

"Gaba? Ikon Allah!"

Bayan hutu aka sake ci. Wannan karon wani mai farar riga ne ya zo tarewa, ƙwallo ta bugi ƙafarsa ta faɗa ragarsu. Ya durƙusa ya dafe kai. Ni kuwa na yi guɗar da ta fi ta farko, na taka rawa da wannan gwiwar tawa, har na ɗaga murya na ce, "Allah ya ƙara, mai ƙafar katako!" (Rubuta, Hadiza. Na faɗa, mala'iku ma sun riga ki rubutawa.) Na sake kiran gida. Ina jin Alhaji yana cewa a kira abokansa na kasuwa, a gaya wa Malam Sani da ke aiki a kasuwar nama ta Rungis ya taho da cinyar rago.

Aka tashi wasa. Masu shuɗi suka nufo wajenmu da kofi. Na ratsa yara na sauka har bakin ƙarfe, na kamo dogon nan, na rataya masa hiramin Alhaji, na rungume shi ina kuka ina cewa, "Angona, ka fid da mu kunya." Sai da na ɗago na ga fuskar ba tamu ba ce. Yaron ya yi murmushin ruɗewa ya gode mini, ya ce, "Merci, madame."

Daga bayana na ji an ce, "Kaka."

Bai ce amarya ba. Na juya. Lawali ne cikin farar riga duk taɓo, idanunsa jajur.

"Kaka, tun ta farko na gane muryarki. Duk filin nan wa ya iya wannan guɗa in ba ke ba?" Ya dubi ƙafarsa. "Ta biyun, ƙafata ce."

Na nemi ƙasa ta tsage, amma siminti ne. Abokansa suna tsaye, waɗanda suka sha zoɓona shekara da shekaru, kowa ya kau da kai. Wancan yaron kuwa 'yan uwansa sun ja shi sun tafi da hirami a wuya, ni kuma kunya ta hana ni cewa a dawo da shi.

Ba zan ce filin Lyon bai yi adalci ba. Ba a jefi kowa ba, alƙali bai ji tsoron kowa ba, yaran kudu kuma sun girmama ni yadda da a garinsu ne wataƙila ba za su yi ba. Lawali da kansa ya ce an fi su ne. Amma da a gida ne, ko idona biyu a rufe, ƙafata ta san inda kujerarmu take.

A hanyar dawowa salula ta yi ta ƙara a jakata, na kasa ɗauka. Lawali ma ya kashe tasa. Muka tarar da gida cike, ƙamshin nama har matakala. Alhaji, wanda ya kwana biyu bai iya zama da kansa ba, yana zaune cikin babbar rigar nan da hula. Ya dubi wuyan Lawali, ya dubi hannuna.

"Ina kofin? Ina hiramin?"

Na durƙusa a gaban mutane na faɗi komai. Sai kafaɗun Alhaji suka fara rawa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, Hadiza na bubbuga masa baya. Da ya sami numfashi ya nuna Lawali ya ce, "Ka gani, ɓarawon mata? Rana ɗaya na ba ka aronta, ta bar ka ta bi wani. Ni tun tana yarinya ba ta taɓa yi mini haka ba." Kowa ya yi dariya, har Lawali. Aka ci naman.

Washegari da hantsi na kai masa kunu na tarar yana kallon taga, wajen da filinmu yake. Ya ce, "Hajiya, ni ba kofin ne ya dame ni ba. So na yi in ƙara ganinsa yana gudu." Na ce ai za a sake wasa a gida. Ya ce, "Haka ne." Mu duka mun san Lawali ya gama jami'a, wancan ne wasansa na ƙarshe. Kuma ko labarin gudun ban kawo masa ba, don ɗan wani na yini ina kallo.

Kafin sanyi ya shigo Alhaji ya rasu. Dariyar nan ita ce ta ƙarshe da na ji ya yi da dukan ƙirjinsa, kuma ni aka yi wa. Da muke haɗa kayansa na yi ta neman hiramin ina kuka, sai daga baya na tuna yana can kudu, wajen yaron da ko sunansa ban sani ba. (Bari, Hadiza, kar ki tashi. Hawayen tsufa ne, ba sa jin lallashi.)

Yanzu Lawali ya yi aure, yana aiki, in ya zo gaishe ni yakan ce, "Amarya, yau su wa muke goyon baya?" In yi dariya, in ya fita in yi kuka. Ko a bikinsa da aka ce in yi guɗa, sai da na sa aka kawo shi gabana, na shafa fuskarsa, na tabbatar shi ne. Abin da tsufa ya koya mini ke nan a makare: in aka kai ki wurin da ba gidan kowa ba, ki fara tambaya su wane ne naki kafin ki kama hanci.